Addu'ar Da Na Sa Mata A Baki

A lokacin da abin nan ya faru, ni mai girki ce a wani gidan abinci da ke ciyar da alhazai kusa da Harami, a nan Madina. Ba ni da abin nunawa sai bakina. In mata suka taru wurin suna ko biki, ni ake turawa gaba in yi magana, don karin magana da kirari a Katsina na sha su tun ina goye. Da wannan nake rage zafin zaman baƙunta, har na ɗauka fagen nawa ne ni kaɗai.

Ni na kawo shawarar mu shirya ranar al'adun Hausawa, saboda yaran da aka haifa a nan suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Mata suka karɓa, kowa ta ba da lokacinta kyauta. Muka kama wani gidan taro a bayan gari, wasu suka ɗauki tuwo da miyar kuka, wasu lalle da kitso, ni kuwa har faifai da ludayi na sa aka kawo mini daga gida. Da aka zo zaɓen mai jawabin maraba, na riga na gyara zama. Sai shugabarmu ta ce wata budurwa ce za ta yi, malamar makaranta, haifaffiyar nan, wadda kakarta ta zo ƙasar nan da ƙafa tana yarinya a bayan iyayenta. Wai in yara suka ga irinsu tana Hausa za su yi sha'awa. Kuma ni aka ce in koya mata. Na yi murmushi na ce to, amma a raina cewa nake kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Gaskiya ba jawabin kaɗai ba ne. Ita 'yar ƙasa ce, ba ta san fargabar sabunta igama, takardar izinin zama, ba, da motarta take zuwa, ni kuwa in sauko daga bas ina warin albasa. Komai Allah ya ba ta, sai abu ɗaya da nake da shi, shi ma ga shi an ce in ɗauka in miƙa mata. Yarinyar kuma ba ta da laifi ko kaɗan. Takan zo ɗakina da dabinon Khaibar, ta zauna a ƙasa, tana kirana Inna, tana maimaita kalma har sai ta faɗe ta daidai. Ladabin nan nata ma haushi yake ba ni, don na rasa ta inda zan tsane ta.

Ana saura kwana kaɗan ta ce tana so ta rufe jawabin da addu'a ga kakarta, wadda za ta zauna a sahun gaba. Ta tambaye ni yadda Hausawa ke roƙa wa tsohuwa hutu da jin daɗi bayan wahalar duniya. A nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Na san ta san Allah ya jiƙanta ta mamaci ce, sai na kauce mata. Na ce ta ce Allah ya sa ta huta, ya haskaka makwancinta, ya sa can ta fi nan. Ta yi ta murna. A ganinta makwanci ɗakin barci ne, can kuma ta ɗauka kwanakin da ke gaba ake nufi. Na ji ta maimaita a gabana, ban gyara ba. Abin da nake so kawai a yi mata dariya, a gane wuri na mai wuri ne.

Ranar taro jawabinta ya yi kyau, har tsofaffi na share hawaye. Sai ta juya ga kakarta, ta ɗaga hannu, ta zuba addu'ar nan da murya mai daɗi. Ba wanda ya yi dariya. Wata ta saki salati. Tsohuwar ce ta ɗaga hannu ta ce amin da ƙarfi, ta ce mai shekarunta a Madina me ya rage mata in ba maƙabartar Baƙi'a ba. Ta rufa wa jikarta asiri, amma gwaggon yarinyar ta ja ta gefe ta fassara mata. Daga inda take yarinyar ta ɗago ta dube ni.

Kafin azumi tsohuwar ta kwanta, ba ta tashi ba. Na san ajali ne, kowa ma ya sani, amma bakin mutane bai bar yarinyar ba, ana ta raɗa cewa ita ta yi wa kakarta baki. Ba ta taɓa gaya wa kowa wanda ya koya mata ba. Da na je gaisuwa na durƙusa gabanta, sai na ji kalmomin nan sun fito daga bakina, don ba wasu ake faɗa ba a irin wurin. Ta amsa mini da Larabci, a hankali, cewa wannan karon ta gane.

Daga baya na nemi gafararta, ta ce ta yafe, da Larabci. Taron ya ci gaba, yanzu ni ke jawabin kowace shekara, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce, to ni na ga inda ta ƙone shuka. 'Yan'uwa mata, in wani ya zo ya zauna a gabanku don ya koya, amana ya ba ku, ku ji tsoron Allah a kan abin da za ku sa masa a baki. Yanzu yarinyar ta yi aure har da 'yarta. Kwanaki na haɗu da su a Harami, na ce wa ƙaramar sannu, sai ta juya ta tambayi uwarta me na ce.