Tsohon da ke sauraren ƙafar jirgi

Zoraida mai sayar da kofi a tashar jirgin ƙasa ta Morón ba ta san sunan tsohon ba. Farar rigarsa ta sha guga, malafarsa ta koɗe, ƙotar gudumarsa ta yi sulɓi don riƙo. Jirgi na tsayawa sai ya duƙa, ya ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya, ya karkata kai. Haka ma'aikatan dā suke gane tsagaggen ƙarfe: lafiyayye amo yake yi, mai tsaga kuwa sai ka ji dum.

Direban jirgin ya leƙo ta taga, ya ɗaga murya: "Kaka, ai yanzu na'ura ke wannan aikin!"

"Na'urarka ta taɓa raka jirgin rake cikin ruwan sama? Yi mini shiru, ɗan jiya."

Zoraida tana zargin kunnensa ya zo gwadawa, ba jirgin ba, don ɗazu sau uku ta gaishe shi bai juyo ba. Ya sake bugawa, fuska a ɗaure. Can sai goshinsa ya saki, ya kece da dariya.

"Na ji ta! Lafiyarta ƙalau. Ja abinka, yaro!"