Ɗakin da Yaya take ciki

Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. In za ta aike ta sai ta ce "ke", in za ta yi zancenta sai ta ce "waccan". Ko da Yaya ta bi matan ƙauyenmu Mallawa ci-rani can arewa, ciwo ya kama ta, aka binne ta inda babu ɗayanmu da ya san hanya, Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta dai daina cin tuwon dare har damina ta wuce.

Abin da ya rage mana na Yaya muryarta ce. Tana can takan aiko mini saƙon murya ta salula, mafi yawa faɗa ne: in daina yawo ba hula, in ce wa tsohuwa ta rage goro. Na kwashe su duka na zuba a kwamfutata, kuma Allah ya taimake ni na yi, don ba a daɗe ba salular ta faɗa rijiyar lakwal, wato makarantarmu. Daga nan babu inda muryar take a duniya sai cikin wannan tsohuwar na'ura da na saya hannu na biyu.

Ina koyarwa a Bande lokacin, kowa na ce mini mushe, wato malam. Duk ran kasuwa Inna kan hau amalanke daga ƙauye da 'yar daddawarta, in ta sayar sai ta biyo ɗakina. Ba za ta taɓa cewa ta zo jin 'yarta ba. Sai ta sha ruwa, ta kushe sharar ɗakina, sannan ta ce, "Abin nan naka har yanzu yana magana?" In kunna, ita kuma ta juya baya tana tsintar tsakuwa a wake, kamar ba da ita ake ba. In ya ƙare ta ce surutu ya yi yawa, ta ɗauki ƙwaryarta.

Kwamfutar ce ta fara ciwo. Abokan aiki kowa ya zo ya soka kilensa, 'yar ma'ajiyar nan ta USB, har cutar birus ta cika ta, in ka kunna sai ka gama alwala kafin ta farka. Na taɓa tsayawa bayan wani yana sa sabon sistem, na ga ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa, wanda ya sayar mini ya raba diskin gida biyu, ya ce ɗaya ɗakin kwana ne na sistem, ɗaya rumbu. Ɗakin kwana ake sharewa, rumbu ba a taɓa shi. Muryar Yaya tana rumbu.

Ana jibi kasuwa na sa sabon sistem. Ya hau lafiya lau, na'ura ta koma yarinya. Na buɗe in gaida Yaya, sai na ga ɗaki ɗaya tak. Rumbu babu shi, babu alamarsa.

Na kashe na kunna, na sake kashewa, har na cire batir na hura masa iska kamar mai tada garwashi. Daga baya na lalubo wurin da ake ganin diski a shimfiɗe, doguwar sanda an yanka ta biyu. Yanki na farko yana da harafinsa. Na biyun yana nan, amma ba harafi, ba suna, shiru kamar gidan da aka tashi. Wani abokin aikina mai koyar da lissafi ya leƙo ya ce, "Fomate za ka yi masa, mushe, shi kenan ya fito. Kowa haka yake yi in ya gama sa sistem." Na san mene ne fomate: sharar gona ce, a tara karmami a cinna wuta, fili ya fito fes. Na ce masa in ya sake matso da yatsansa kusa da na'urar nan za mu ɓata har abada.

Washegari na shiga aji ina rubuta abu a allo ina gogewa. Tambaya ɗaya ke cina: tana ciki ko na riga na ƙone ta? In taɓa, ina tsoro. In bari, ina tsoro. Garin neman gira kada in rasa ido, in ma ban riga na rasa ba. Na yi fushi da masu kile, na yi fushi da wanda ya sayar mini, na yi fushi da Yaya kanta da ta tafi ta bar mu da abin da ke rataye a wuyan kuran, wutar da ke zuwa ta ɗauke.

Ran kasuwa Inna ta zo. Ta sha ruwa, ta kushe shara, ta yi tambayarta. Na ce ba caji. Ta dubi 'yar fitilar da ke ci a jikin na'urar, ta dube ni. Wanda ya haife ka ba ka yi masa ƙarya da rana tsaka. Na gaya mata ɗakin da maganar take ya rufe, sai na kai Magariya wurin mai gyara, kuma ban san abin da za a tarar ba.

"To, tashi mu je," in ji ta.

"Inna, hanya ba kyau. Ki bari gobe in je ni kaɗai."

"Na ce tashi."

Matar da ke cewa babur shaiɗan ne mai ƙafa biyu, ita ce ta hau bayana ranar. Ta naɗe kwamfutar cikin mayafinta ta rungume a ƙirji. Duk ramin da muka faɗa sai ta dake ni a kafaɗa ta ce in yi a hankali, kuma na san ba don ƙashinta take faɗa ba.

Shagon mai gyara cike yake da samari masu jiran a zuba musu waƙoƙi. Mutum ne mai saurin hannu, yana waya da kunne ɗaya yana aiki. Na fara bayani, bai bari na kai aya ba. "Sabon sistem ne? An gane. Rabin diski bai fito ba. Yanzu za a share shi a raba maka da kyau." Aikinsa kenan kullum, hannunsa ya san hanya ko idonsa na wani wuri. Kafin in haɗiye yawu ƙaramin akwatin nan ya bayyana, mai gargaɗin cewa duk abin da ke ciki zai tafi, kibiya tana kan "i". Na cafke wuyan hannunsa.

Ya ajiye waya, ransa a ɓace. "Lafiya, mushe? Akwai abin da kuke so ciki ne?"

Na buɗe baki in ce wasu 'yan abubuwa ne na gida, don ban san yadda zan faɗa gaban Inna ba. Sai na ji muryarta daga bakin ƙofa.

"'Yata ce a ciki," ta ce. Sannan ta faɗi sunan. Cikakkensa, yadda liman ya raɗa shi.

Mai gyara ya janye hannunsa a hankali, ya rufe akwatin. Ya gyara zama, ya duba sandar nan da kyau, ya ce da alama wurin ba fanko ba ne, amma shi ba zai rantse ba. Zai ba shi harafi kawai, in ƙofa ta buɗe to, in ba ta buɗe ba sai haƙuri. Ya danna. Ni dai ƙasa nake kallo, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Ƙofa ta buɗe, ya taɓa saƙon farko, sai muryar Yaya ta cika shagon: "Kai, ka ce wa tsohuwa ta rage goron nan, haƙoranta sun gama zama ja!"

Wani saurayi ya yi dariya, ya kama bakinsa. Inna ta juya tana kallon titi, ta ce a rage ƙara, mutane na ji. Mayafin nan da ta naɗo na'urar da shi, na ga ta kai shi fuska.

Mai gyara ya sa na sayi kile sabo ya kwafe mini komai, ya ce kada in kuskura in ara wa kowa. Da zai rufe ya nuna mini gurbin da ke gefen harafin, ya ce ɗakin ba shi da suna, shi ya sa ya ɗauka kango ne, wane suna za a sa? Na jawo na'urar gabana na rubuta wanda na ji ɗazu.

Inna ba ta sake faɗinsa ba har ta koma ga Allah. Ran kasuwar da ta biyo bayan gyaran ta zo, ta sha ruwa, ta ce ɗakina kamar turken awaki. Sannan ta jawo tiren wake ta juya mini baya.