Ɗantani Hular Dawa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Talata Mafara ya san labarin ranar da aka yi ruwan dawa a kan Malam Ɗantani, alhali ko gajimare babu a sama. Ranar ya taso daga ƙauyensu na gefen Bakura cikin rigarsa ta zuwa Juma'a, ya cika hularsa da dawa kaura, ya rungume ta a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. An gaya masa akwai wani Basine, mutumin ƙasar Sin, injiniyan masu gyaran hanya, da kan shigo kasuwa sayen kankana, shi kuma yana so ya nuna masa irin dawar da ake nomawa a ƙasar nan. Ya yi ta zagaye har ya hango mutumin wajen masu kayan gwari, ya kutsa, ya sha gabansa. To, a nan tarbiyya ta yi masa shigar sauri. Ya tuna dattijo ba ya gaida baƙo da kai a buɗe, ga sanƙo yana ƙyalli a rana. Kafin hankalinsa ya cim ma hannunsa, ya ɗaga hular ya kifa a ka.

Dawa ta zubo ta goshi, ta kunne, ta wuyan riga, har ta sami hanyar wando. Basinen ya ja da baya, ya ɗan rusuna, ya rungumi kankanarsa ya shige mota. Awakin kasuwa da tantabaru suka taru suna walima a ƙafafun Ɗantani, shi kuwa ya juya ya tafi yana kakkaɓe gemu. Tun daga ranar sunansa ya koma Hular Dawa.

Amma kada wanda bai san shi ba ya ɗauka wawa ne. Manomi ne ɗan manomi, kuma a ƙauyensu in ana maganar ajiyar hatsi shi ake ba misali. Mahaifinsa ya bar masa rumbuna na laka a bayan gida, da irin kaura mai nauyin zangarniya, da ƙa'ida ɗaya wadda ya yi ta nanata masa tun yana ƙarami: dawa a daminta ake ajiye ta, ba a sussuke abin da ya wuce cin kwanaki. Muddin tana jikin zangarniya, iska na ratsa ta, sai ta shekara, ta sake shekara, tana nan garau. Ranar da aka sussuke ta aka ɗure a buhu, ranar ƙwari suka sami ɗakin kwana. Don haka a gidan Ɗantani, in tuwo ya kusa yankewa, sai ya hau tsani ya ɗage jinkar rumbu ya jefo dami ɗaya, matarsa Maimunatu ta zuba a turmi.

Dawar da ke cikin rumbunan nan ba daga gonar bayan gida ta fito ba, wannan ko rabin shekara ba ta ciyar da su. Daga babbar gonarsa ta daji take, can wajen Maradun, wadda tun da masu bindiga suka mayar da hanyar tasu ba wanda ya sake kai fartanya. Ke nan abin da ke rumbu shi ne na ƙarshe. Shi ya tsaya tsakanin gidan da zuwa awon tiya a kasuwa, kuma Ɗantani ya san haka fiye da kowa.

Rauninsa ɗaya ne, rediyo. Yana son labarin duniya kamar yadda wasu ke son goro. Bayan la'asar, a gindin bishiyar bedi ta ƙofar masallaci, shi ke fassara wa majalisa abin da manyan ƙasashe ke ciki, har da hannu yake nuna inda kowace take, ko da yake Amurka takan tashi daga gabas ta koma yamma gwargwadon yadda ya zauna. A shekarar nan ya ji Amurka da Sin sun sa wa juna ido, wannan ta ƙara wa kayan waccan haraji, waccan ta rama. Duk wannan bai dame shi ba, sai da mai karanta labarai ya ce Sin ta saba sayen dawa jirgi-jirgi daga manoman Amurka, yanzu kuwa ta ja hannu.

"Dawa?" in ji shi, ya matso da rediyon kunne. "Ashe Turawa ma na noman dawa? Su ma tuwo suka ci?"

"Dabbobi suka ba," in ji Ukasha, dillalin hatsi ne a kasuwar Mafara, kuma shi ke da babbar waya a majalisar. "Amma Malam, duba lissahin. Mutanen Sin yawa gare su. In sun bar saye can, ina za su nuhwa? Dole su zo inda dawa take. Tun makon jiya manyan 'yan kasuwa na Kano ka bugo man waya. Abin da suka so ɗai, a casa, a sheƙe, a ɗinke buhu. Tirela ba ta jiran mai hawan rumbu."

Ukasha ba yaudararsa ya yi ba, shi kansa ya cika shago da buhuna yana jiran tirelar. Kuma da gaske farashi ya ɗan motsa a makonnin nan, don kowa ya ji jita-jitar ya riƙe kayansa.

Ɗantani ya koma gida yana gina abubuwa a ransa. In ya sayar da tsada, zai sami fili a gefen magudanar ruwan Bakolori, inda ake noman rani kusa da mutane, ya huta da tunanin gonar daji. Abinci kuwa sai ya saya da ribar. Da ya gaya wa Maimunatu, tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, su mutanen Sin ɗin, sun aiko maka?"

"Ba a aike a harkar duniya. Rediyo ya hwaɗi."

"Rediyon ya ce Ɗantani na Bakura?"

"Ke ba ki gane siyasar ƙasashe."

"Ban gane ta ba. Amma na gane buhu. Baba bai taɓa ɗure dawa ba, kai ma ba ka taɓa ba. A bar muna rumbu ɗaya, Malam, ko guda."

Ya ce zai duba. Amma ranar da injin casa ya shigo ƙauyen yana ruri, ga 'yan ƙwadago suna jefo dammuna, ga buhuna suna miƙewa a jere kamar sahun Idi, sai zuciyarsa ta yi girma. Rumbu na farko ya ƙare, aka buɗe na gaba, aka bi su duka. Buhun ƙarshe ya ƙi cika, ya tsaya a wuya. Ɗantani ya dube shi ya ga bai yi kyau a jeri ba. Ya shiga madafa, ya kwanto zangarniyoyin iri da ke rataye a saman murhu, waɗanda yake zaɓa da hannunsa kowace kaka, hayaƙi na tsare su har damina. Ya ce ai iri yana cikin kowane buhu, in lokaci ya yi sai a ɗiba. Aka jefa su a injin, buhu ya cika, aka ɗinke.

Yari, taubashinsa, wanda tun suna yara aikinsa ke nan tsokanarsa, ya leƙo zaure ya ga buhuna har rufi.

"Sarkin Noman Sin! A gaishe ka. In jirgin ya zo, a gulbi za shi tsaya ko a ƙohwar gida?"

"Ka yi dariyarka, ɗan baƙin ciki. Ranar da za ka zo roƙon a ɗauke ka ɗan dako, ni ma zan yi tawa."

Kaka ta wuce, rani ya shigo. Tireloli suna bin titin Gusau zuwa Sakkwato, ba wadda ta karyo ƙauyen. A cikin wannan jiran ne haƙuri ya ƙare wa Ɗantani har ya cika hula ya tafi neman Basine da kansa, abin da ya faru kuwa kowa ya sani. Bayan dariya ta lafa ya je rumfar Ukasha, ya tarar da shi zaune a kan buhu ya yi tagumi, wayar tana aljihu.

"Malam, abin ya juye," in ji Ukasha. "Hatsin da Sin ta ƙi saye ba teku anka zuba shi ba. An ce masu shi sun rasa inda za su kai, sun karya kuɗi, suna tallarshi ko'ina. Kamfanonin kudu da ka turo muna motoci, masu abincin kaji da sauransu, wai yanzu ta jirgin ruwa suka samu da araha. Ba su ɗaukar wayata."

"To mutanen Sin fa?"

"An ce wata ƙasa sunka nuhwa, can nesa. Ba su san da mu ba, Malam."

Ɗantani ya ce, "Su biyu sunka yi faɗansu, ban san ko ɗaya ba, ban ci ma kowa komi ba. Ta ina nawa ya shigo?"

 Farashi ya sauko ƙasa da inda ya taso, taki da maganin feshi kuwa suka hau, aka ce shi ma duk rigimar ce, ko da yake a kasuwa yanzu ko albasa ta ruɓe rigimar ake ɗora wa. Ɗantani ya ƙi sayarwa. Ya ce faɗan manya ba ya ƙarewa da wuri, gobe abin zai sake juyawa.

Maimunatu ce ta fara ji. Da tsakar rana, gari ya yi tsit saboda zafi, ta biyo ta zaure sai ta tsaya.

"Malam, zo ka ji. Buhunanka na magana."

Ya kara kunne. Wani siririn motsi ne, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Ya sa tafin hannu a jikin buhu, ya ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Da ya farke ɗinkin, ƙwari suka watsu a kan yatsunsa. Aka shimfiɗa tabarmi aka shanya, aka sayo maganin ƙwari aka cusa, aka sake ɗinkewa. Wasu suka mutu, 'ya'yansu da ke cikin ƙwayar suka taso suka ci gaba daga inda iyayen suka tsaya. In Maimunatu ta ɗaga ƙwarya za ta sheƙe, rabi iska ke tafiya da shi. Tuwon ya riƙa ɗaci da wari, ba wanda ya yi magana a kai, sai dai malmala ta riƙa kwana. Ita ma ba ta taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

Ana cikin haka wata safiya rediyo ya ce ƙasashen biyu sun zauna, sun gaisa, sun amince kowa ya sassauta. Ɗantani ya saurara har ƙarshe, da jin ra'ayin masana da komai. Ba a ambaci Bakura ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya ɗebi dawa daga buhun da ya fi dama-dama, ya zuba a jiƙaƙƙen tsumma ya rufe, don ya ga abin da zai tsira. Da ya buɗe, tsiron da ya gani bai kai a kira shi shuka ba. Ya zaga gidajen maƙwabta, kowa irinsa daban ne, kuma kowa nasa bai ishe shi ba. Kaurar mahaifinsa ta ƙare a zaurensa. Sauran buhunan wani mai gidan kaji ya kwashe su a farashin dusa, yana yi yana yamutsa fuska. Rumbunan suna nan tsaye da jinkarsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Ɗantani, wanda a da yake ɗaukar 'yan ƙwadago, yanzu da sassafe yakan bi su zuwa fadamar Bakolori dashen shinkafar wasu, ruwa har gwiwa, bayansa na ƙara. Rediyon yana rataye a zaure, batir ya ƙare, bai sake ba.

Wata Talata ya shiga kasuwar Mafara da ƙaramin buhu a hammata, ya nufi layin masu awo, layin da bai taɓa tsayawa a cikinsa ba sai don gaisuwa. Ya sayi na tuwo, ya tsaya yana jujjuya wani iri a tafin hannu wanda bai san asalinsa ba. Yari na rumfar da ke kallon wurin, ya daɗe yana dubansa. Ya rasa abin da zai ce masa in ba abin da ya saba ba.

"Hular Dawa! Yau a buhu za a zuba? Ina hular? Tantabaru sun ce a gaishe ka, wai yaushe za a sake walima?"

Masu awo suka yi dariya, amma ba da ƙarfi ba. Ɗantani ya gyara zaman hularsa, ya dubi wajen masu kayan gwari, ya yi ɗan murmushi.

"Ka ce musu sun ci sa'a, Yari. Lahiyayyar kaurar Baba sunka ci, ba ƙwaro ko ɗaya. Da na san daga ita babu wata, wallahi da ban ji kunyar kowa ba, da na duƙa a gabanku na tsince ta."