Yadda Na Sare wa Baffa Rawani

Baba da yayansa, Baffa, kowa da zaurensa na karatu a Daura, kuma tun ina yaro na san kowa na ƙirga takalman da ke ƙofar ɗan uwansa. Da na koyi haɗa manhaja, sai rawar kai ta sa na tara karatuttukansu a wuri ɗaya, da hoton kowa a sama. Sau biyu na rubuta ta, ɗaya don Android, ɗaya don iPhone. Ta Android kawai na gwada da kyau, don ita ce a aljihuna.

Saura kwana huɗu Baffa ya je Baure nema mini aure, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi riƙe da iPhone ɗinsa, fuska a murtuke. A wayarsa hotuna sun fito cikin da'ira. Baba, mai ƴar hula, ya shige tsaf. Rawanin Baffa kuwa, mai tsawon tulu, da'irar ta sare shi.

"Kai, ni za ka tuɓe wa rawani ka bar ubanka da hula?"

"Allah ya gafarta Malam, duba tawa, ga rawanin nan cif."

Ya duba, ya ƙara harzuƙa. "Wato a wayar ƴan acaɓa ina da rawani, a ta alhazai kuwa kaina a buɗe? Sai ka nemi mai zuwa Baure."

Ina son yarinyar nan, kuma iyayenta ba za su saurari kowa ba sai Baffa, babban gidanmu.

Na watsar da rubutu biyun, na sake gina manhajar da rubutu ɗaya wanda kowace waya za ta zana iri ɗaya, daga maɓalli har hoto. Kwana uku ina fama. Garin sauri na bar da'irar, har ma na matse ta. Ban lura ba sai a gaban Baffa, bayan ya jera wayoyin biyu a kan buzu.

Babu bambanci ko na ƙwayar gero. A duka biyun rawanin ya tafi, hular Baba ma ta bi shi, har da rabin goshi. Na fara rantsuwa zan gyara.

Baffa ya daɗe yana kallon hoton ƙanensa, gemu na rawa.

"Kada ka taɓa. Yanzu ka yi adalci."

Washegari ya naɗa rawanin gaske ya tafi Baure, aka ba ni. Baba ma ya ga hotonsa. Ranar ɗaurin aure na durƙusa zan gaishe shi. Ya dafa hularsa ya ce, "Matsa can, ita kaɗai ta rage mini."