Ranar da Malam Ya Canja Bushin

Mijina direba ne tun kafin a kawo ni gidansa. Motar ma'aikatan wata masaƙa ya tuƙa har kansa ya yi fari, ya kwaso su da safe ya mayar da su da yamma, kuma har ya ajiye aiki bai taɓa goge fentin motar wani ba. A-Hankali suke kiransa, don ko an makara ba ya taka mota. Ma'aikata su yi ta tsiya daga baya, "Direba, ko mu sauka mu tura?" Shi dai murmushi. Ni Malam nake ce masa. Mutum ne marar hayaniya. Hayaniyar gidan nan duk ni na ɗauke, ban kuma ce wani ya yaba min ba.

Da ya bar aiki sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota ruwan toka. Ita ce ƙafarsa. Da ita yake kai ni cefane, da ita yake zuwa duba tsofaffin abokan aikinsa da ciwo ya kwantar. Kullum da safe sai ya goge ta, ko da ba za a je ko'ina ba.

Matsalar ita ce kunne. Shekarun da ya yi zaune a kan ƙugin injin babbar mota sun cinye masa ji kaɗan-kaɗan, har ta kai sai ka matso ka ɗaga murya. Bai taɓa furta wannan da bakinsa ba, ni ma ban taɓa ba. Sai dai muka samu hanyarmu. In za a fita ina gefensa. Da na ji hon, sai in taɓa masa gwiwa, shi kuma ya sassauta ƙafa ya duba madubi. Ba mu zauna mun tsara ba, haka kawai abin ya zama.

To rannan zazzaɓi ya kayar da ni, ya fita shi kaɗai sayo min magani. A mahaɗar hanya wata babbar mota ta yi ta danna masa hon, bai ji ba, ya shiga. Allah ya tsare, direban ya taka birki da ƙyar. Tela maƙwabcinmu yana wurin. Mutumin nan bakinsa ya fi kekensa gudu, kafin Malam ya dawo da magani labari ya kai wa babban ɗanmu.

Kwana kaɗan sai ga shi ya zo, ya zauna a ƙasa gaban ubansa kamar mutumin kirki. Dama motar ta jima tana wata ƙara, ƙwas-ƙwas daga ƙasan gaba duk lokacin da ta faɗa rami. Nan ya samu abin kamawa.

"Baba," ya ce da ƙarfi, "motar nan ta gama. Na tambayi bakanike, ya ce ƙarar nan da take yi ƙarƙashinta ne ya ruɓe. Hatsari ne. Ƙarshen mako zan zo in ɗauke ta."

Malam ya juyo ya kalle ni. "Tana ƙara?"

Na ce tana yi.

Ya koma kan yaron. "In ƙarar ta tafi fa?"

"Ai shi ke nan, Baba, sai ka ci gaba da hawa."

Na ja yaron nan kicin na tsare shi. "Wane bakanike? Yaushe ya ga motar? A mafarki?"

Ya sunkuyar da kai. "Umma, kin san dalili. Ni ba zan iya kallon idon Baba in ce masa ba ya ji ba."

"Amma ka iya kallon idonsa ka yi masa ƙarya! To ka dai yi alkawari a gabana, kunnena ni garau yake."

Ya ce Baba ba zai iya gyara ta ba ai, mutumin da sunkuyawa ma sai ya dafa bango. Wallahi na ji kamar in kwaɗa masa ludayin da ke hannuna.

Washegari Malam ya shimfiɗa kwali a tsakar gida ya shige ƙarƙashin mota. Ya ce in dafa gabanta in riƙa girgizawa da ƙarfina. Ni da na tashi daga zazzaɓi! Na yi ta jijjiga, shi kuma yana bin ƙarafan da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, tunda kunne ya ƙi, hannu yake sa wa ya ji masa. Can sai ya ce, "Tsaya. Ga ta nan."

Ya fito ya yi min bayani kamar ina da niyyar buɗe gareji. Wai akwai wani rodi da ya ratsa ƙarƙashin mota daga tayar hagu zuwa ta dama, shi ke hana ta karkacewa a kwana. An riƙe shi a jikin motar da robobi biyu, bushin ake ce musu. Su ne suka cinye, rodin ya samu wuri yana dukan ƙarfe. Babu abin da ya ruɓe. Ya shafa wa notocin kananzir ya bar su su jiƙa, ya hau motar haya ya je wajen masu kayan gyara. Ya dawo da wasu baƙaƙen robobi biyu a aljihun riga, kowacce ba ta kai dunƙulen hannuna ba. Na ce, "Oh ni! A kan waɗannan ake son raba ka da motarka?" Bai ji ba.

Ranar aikin tun da hantsi ya fara. Ya tokare tayoyin baya da duwatsu. Ya ɗaga gaba da jak, gefe ɗaya ya sa bulo da katako, ya zagaya ya ɗaga ɗayan daidai da shi, wai in gefe guda ya fi tsawo rodin zai murɗe ya ƙi sakin jiki. Ni ce mai miƙa sifana. In ya miƙo hannu daga ƙasa ya ce ƙarama, in ba shi babba, ya dawo min da ita ba ko tsaki.

Noti uku suka kwance lafiya. Na huɗun ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta cinye shi. Malam ya zura bututu a wutsiyar sifana don ya samu ƙarfi, ya danna, sifanar ta zame, bayan hannunsa ya daki ƙarfe. Na ga jini yana bin gwiwar hannunsa. Na ƙwala ihu na ce ya fito, mota ta ci kanta. Ya fito ɗin, amma don in ɗaure masa da tsumma ne kawai. Ya sha ruwa, ya koma. Ina tsaye ina kallon ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mota, ƙafafun tsoho, duga-dugai a tsattsage, suna karkarwa duk sanda ya yi nishi. Hawaye ya zo min, na haushi ne ba na tausayi ba. Dattijo yana birgima a ƙasa yana gyara ƙarya.

Notin dai ya haƙura. Ya zaro tsohuwar robar ya miƙo min, ta tsage, raminta ya buɗe kamar bakin tsohon takalmi. Ya goge rodin da samfefa har ya yi haske. Na kawo masa baƙin mai don sabuwar ta shiga da sauƙi, ya girgiza kai. "Mai yana cin roba. Kawo ruwan sabulu." Ya buɗe tsagin sabuwar, ya rungumar da ita a rodin, ya mayar da ƙarfen da ke danne ta, ya ɗaure. Ya yi wa ɗaya gefen haka. Da ya sauke motar a kan tayoyinta ya sake rarrafawa ya ƙara matse notocin. Sai da na kama shi da hannu biyu kafin ya iya miƙewa.

Da la'asar babban namu ya iso, da autarmu a bayansa, ya ɗauko ta rakiya don kar ya sha faɗa shi kaɗai. Malam ya yi wanka ya sa farar riga, hannu a naɗe. Ya ce kowa ya shiga. Ya bi da mu layin da ya fi kowanne ramuka a unguwar, bai kauce wa ko ɗaya ba. Mota ta shiga ta fita, tsit. Ya juyo gare ni. "Akwai?"

Na ɗaga murya yadda na baya za su ji da kyau. "Babu! Ko ƙwas!"

Rabon da in ga fuskarsa haka tun yana sanye da kakin aiki.

Muka dawo gida, muka fito. Yaron ya tsaya yana sosa ƙeya. "Baba, ai ba ƙarar kaɗai ba ce, injin ma..."

Na ce, "Kai! Ka ji tsoron Allah. Yau inji, gobe taya? So kake ya kwance motar nan kaf a tsakar gida kafin ka faɗi abin da ke bakinka?"

Sai ya sauke murya ƙasa-ƙasa, ya ce da ni, "Umma, ranar da ba kya kusa fa? In ya kashe wani, ko ya kashe kansa?" Auta ma ta sa baki a hankali, "Gaskiya ne, Umma." Ba ƙarya suka yi ba kam, wannan karon. Amma ku duba rashin ta-ido. A gabansa, taku biyu tsakani, suke maganarsa da muryar da suka san ba za ta kai kunnensa ba.

Malam yana kallon bakunanmu ɗaya bayan ɗaya. Ya jima yana kallo. Sannan ya ce, "Ba motar ba ce ke nan."

Ya juya ga yaron.

"Da ka faɗa min tun ranar, da ban kwanta a ƙasa ba." Ya sa hannun nan mai tsumma a aljihu, ya ciro makulli ya miƙa. "Kar ka bari a sa wa robar mai."

Yaron ya karɓa, ko kunya. Ya shiga ya tayar, ya fita da ita a hankali. A bakin ƙofarmu akwai wani tudun kwalbati da kullum nan take fara ƙara. Da ta haura shi Malam ya tambaye ni, "Ta yi?" Na ce ba ta yi ba. Ya gyaɗa kai ya shiga ɗaki.

Yanzu matar yaron ce ke kai yara makaranta da ita. Rannan har take ce min, "Umma, motar nan lafiyayya ce fa, ko motsi ba ta yi." Na ce Allah ya kiyaye hanya, na tashi na bar mata wurin kafin bakina ya ja min.

Malam ba ya zuwa duba kowa yanzu. Da yamma mukan zauna a benci a ƙofar gida. In wata mota ta danna hon a titi, kafin in ankara hannuna ya kai gwiwarsa. Shi kuma sai ya ɗaga ƙafarsa ta dama daga ƙasa, ya waiga.