Ƙwaryar da Aka Hana Ni Buga Hotonta

Mun tashi daga Sakkwato ana idar da sallar asuba, ni da wata abokiyar aikina, da mijinta da ya ja mu a motarsa. Masu bibiyata sun san abin da ya fitar da ni, amma bari in maimaita. Ina koyar da zane a kwalejin horar da malamai, ina kuma haɗa wa ɗalibaina ɗan littafi a kan zanen ƙwarya. A shafin intanet na wani gidan tarihi na Turai na ga hoton wata ƙwarya da aka ɗauke tun zamanin Turawa. An rubuta daga yankin Illela take, wai ba a san wanda ya zana ta ba. Na nemi izinin sa hoton a littafina. Suka ce ƙwaryar tsohuwa ce, amma hoton nasu ne: in nuna a aji, kar in buga, kar in ba kowa kwafi sai kwamitinsu ya zauna. Wata biyar kwamiti bai zauna ba, maɗaba'a kuwa ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Ana haka wani daga cikinku ya leƙa shafin, ya ce ya san gidan da ake wannan zanen a Tozai.

Hanyar Kware zuwa Gwadabawa ba laifi, sai dai shingaye. A kowane shinge sai an tambaye mu abin da muka ɗauko, mu ce hoton ƙwarya, a dube mu kamar marasa lafiya. Motocin albasa suna ta wuce mu, warinta har cikin mota.

Mun tarar da Illela a cike da dabbobi da 'yan canji. Mai burodi ya gaya mini kuɗin dogon burodin Ƙonni da sefa, kuɗin Nijar, na tsaya ina lissafi, ya yi dariya ya ce in bayar da naira kawai. Mun karya da shi da shayi, muka sha fura da nono wajen wata Bafulatana. Furar ta fi ta birni arha, ta kuma fi ta kauri, ludayi na tsayuwa a ciki.

Hanyar Tozai yashi ce, sau biyu muna sauka mu tura. Da hantsi muka isa gidan. Mai gidan dattijo ne, muka same shi a zaure yana gasa wuƙaƙensa a garwashi, ƙore birjik gefensa. Bayan gaisuwa na miƙa masa hoton da na fitar a takarda don kaina. Ya daɗe yana kallo, yana bin layukan da yatsa.

"Ɗiyata, ina kinka samu wanga? Hannun kakana na. Dubi nan, shi kaɗai ka rufe zane da ƙugiya biyu. Shi ya koya ma babana."

Na ce, "Baba, sun rubuta ba a san mai ita ba. Kuma sun hana ni bugawa sai da izininsu."

"Mi? Su wa sunka tambaya sa'adda sunka ɗauke ta?"

Bai jira amsata ba. Ya zaɓi ƙwarya mai faɗi, ya zaro wuƙa daga wuta, ya fara. Hayaƙi na tashi, zanen na fitowa layi bayan layi, bai sake duban takardar ba. Kafin la'asar ga ta nan, har ta fi ta Turai kyau, don waccan ta tsage a baki.

Ya ce, "Ɗauki hoto. Ki buga, ki ba yara, ki ba duk wanda ya so. Amma ki rubuta sunana, ki rubuta na kakana."

Na ɗauka da wayata ta kowane gefe, abokiyar aikina ta rubuta sharaɗinsa a takarda, ya dangwala. Da za mu tashi ya riƙe hoton nan bai miƙo ba, ya tambaya a hankali ko zan bar masa. Na san an ce kar in ba kowa kwafi. Na bar masa, kuma ina faɗa a nan kowa ya ji. In laifi ne jika ya riƙe hoton aikin kakansa, su rubuto mini.

Mun shigo Sakkwato bayan magariba, ƙwaryar na kan cinyata. Washegari na aika wa gidan tarihin cewa na janye roƙona, na kuma ba su sunan da ya kamata su sa a madadin "ba a sani ba". Har yau shiru.

Ba na raina haƙƙin mai ɗaukar hoto, ni ma sana'ar hannu nake koyarwa. Abin da tafiyar nan ta nuna mini shi ne na yi wata biyar ina roƙon waɗanda suka ajiye ƙwarya, alhali masu zana ta suna nan kusa da ni, ban taɓa zuwa na gaishe su ba. Littafin ya tafi maɗaba'a jiya. Kwafin farko na Tozai ne, da kaina zan kai.