Jaririn da Ban Yi wa Zane Ba

Idan jikokina suka zauna gardama, sukan ce wai inda jama'a ke zaɓen shugabansu, kuma akwai doka, zalunci ba ya samun wurin tsirowa. Ni wanzami ne, ba malami ba, amma na ga abin da na gani a ƙauyenmu, tsakanin Bungudu da Nahuce, a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau.

Ƙauyenmu yana da tsari, har muna yi wa maƙwabta gori da shi. Ba a yanke magana sai magidanta sun taru a ƙofar masallaci bayan la'asar, kowa ya ce ya yarda. A haka muka zaɓi sarkin noma bayan wata damina da ta yi mana gardama. Wallahi mutumin ya yi aiki. Ya haɗa gayya, ya sa aka gina rumbun gari, inda mai rashi zai samu hatsi kafin kaka. Mun so shi, ni ma na so shi.

Daga nan sai ya riƙa kawo magana ɗaya-ɗaya. Ya ce wanda bai fito gayya ba kada ya ci daga rumbu, muka ce mun yarda. Da shekara ta zagayo ya ce rumbu da gonakin fadama na 'yan gari ne, ba na baƙi ba. Wannan ma muka yarda, don kowa a ransa yana ganin ba da shi ake ba. Wani tsoho ya tambaya, to wane ne ɗan gari? Sarkin noma ya shafa kumatunsa, ya ce ai ga shi a fuska, duk mai zanen garin nan namu ne. Sannan ya juyo gare ni, ya ce daga yau kada askata ta sa zanenmu a fuskar jaririn da ubansa ba shi da shi. Aka bi layi ana amsawa. Da aka zo kaina na ce na yarda, kuma babu wanda ya riƙe mini wuya.

Maƙwabcina, wanda danga ɗaya ta raba gidajenmu, daga arewa yunwa ta koro shi tun yana saurayi, da zanen mutanensu a fuska. A nan ya yi aure, a nan ya binne mahaifiyarsa. Shi ke ba ni aron galma, matarsa kuma ita ta yi jinyar tawa lokacin da ta kwanta. Bayan wata biyu da wannan zama aka haifa masa namiji. Ya sani, na sani: in yaron ya samu zanen, fadamar da uban yake nomawa za ta zauna a gidansu. In bai samu ba, za a karɓe ta.

Ranar suna da hantsi na ɗauki zabirata na shiga. Aka miƙo mini jaririn, na jiƙa kansa, na aske shi tas. Barci yake yi abinsa. A al'adarmu mata sukan taru a bayan zana suna jiran kukan da jariri zai yi idan aska ta taɓa kumatunsa, da sun ji sai su rangaɗa guɗa. Ina jin motsinsu, ina jin wata tana gyaran murya.

Uban ya durƙusa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Wanzam, ɗan ga naka na. Tsaga huɗu ce kaɗai, ka taimake ni."

Na duba bakin zaure. Babu ɗan doka, babu mai sanda. Dattawa uku ne kawai zaune suna cin goro, mutanen da nake yi wa aski duk Juma'a. Ko kallona ba sa yi. Da na yi tsagar, iyaka dai a daina kirana aski, a daina amsa sallamata na ɗan lokaci. Tsoron wannan ne ya kama ni, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Na goge askar a tafin hannuna, na naɗe ta, na mayar cikin zabira.

"Ka gama ke nan?" in ji uban.

Na ce na gama.

Matan suka yi ta jira a bayan zana. Ban taɓa jin shiru irin wannan a gidan suna ba. Can sai wata ta ja tsaki, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Da yamma uban ya aiko mini da kasona na naman suna, bai rage ko tsoka ba, kuma iyalina suka dafa muka ci.

Aka karɓe fadamar bisa ƙa'ida, a zaman da kowa ya ce ya yarda. Babu wanda ya kore su. Bayan kaka suka ɗaura kayansu a kan jaki suka yi wajen Tsafe, ina cikin ɗaki ina jin tafiyarsu ban fito ba.

Ban san ko yaron ya rayu ba. In yana raye, yanzu ya yi furfura. Shi ya sa duk lokacin da na shiga kasuwar Gusau nake bin fuskokin mutane da kallo, in na ga dattijo mai kumatu sumul sai in rasa bakin gaishe shi.